'Yan Walƙiya Sun Tafi Kala

Mijinyawa direban tarakta ne a da, a manyan gonakin inji na Gadambaliya, har ranar da garmar ƙarfe ta zame ta danne masa ƙafar hagu. Ya warke, amma da ɗingishi. Sai ya dawo Gadarif ya kafa rumfar facin taya a bakin unguwarsu, unguwar da kakanninsu suka sauka a kan hanyar Makka, suka ga ƙasa baƙa mai albarka, ba su ƙara gaba ba.

Bayan rumfar akwai fili, inda yaran unguwa ke buga ƙwallo da yamma. Tun yana kallonsu daga kan benci yana cewa, "Kai, ba shi mana, ba ka ga yana tsaye shi kaɗai ba?" har ya kai ga tasowa yana jera su. Kafin shekara ta zagayo ya zama shi ne mai koyar da su. Suka sa wa ƙungiyar suna Walƙiya, suka naɗa Lawal kyaftin, wani dogon yaro ɗan shekara sha shida mai saurin gudu da saurin fushi.

Ana gab da girbin dawa aka yi shelar gasar matasan unguwanni. Sharaɗin shiga kuwa shi ne kowace ƙungiya ta zo da riguna iri ɗaya masu lamba a baya, da ƙwallon fata, kuma filinta ya kasance da turaku da raga. Walƙiya ba ta da ko ɗaya. Ƙwallonsu na roba ne, Mijinyawa ya yi masa faci har ba a gane asalin launinsa, turakunsu kuma duwatsu ne.

Suka zauna a rumfa kowa ya kawo shawara. Da farko suka gwada wankin loroci a tasha. Direbobi sun ji daɗi, sai dai ruwa a Gadarif saye ake yi wurin masu jakuna, kuma lori ɗaya da ya fito daga laka yakan shanye abin da aka biya su a kansa. Suka gwada shirya wasa da unguwar maƙwabta a kan kowa ya biya kafin ya kalla. Filin ba shi da katanga, mutane suka ja da baya kaɗan daga igiyar da aka ɗaura, suka kalli wasan tsaf daga inda suke. Abin da aka samu daga duka dabarun biyu ƙwallon fata kaɗai ya saya.

Lawal ya ce, "Kawu, mu ɗauki kwano kawai mu zagaya kasuwar hatsi. Attajirai ne fal a can."

Mijinyawa ya girgiza kai. "In na tura ku roƙo bana, baɗi ma roƙon za ku koma. Bari mu ƙara tunani."

A cikin wannan hali yayarsa Saratu ta zo gida bikin suna. Saratu ta yi shekaru tana dafa wa ma'aikata abinci a wata babbar gonar inji a yankin Simsim, ta wani attajiri Alhaji Mudi. Mace ce gajera mai kauri, ba ta da yawan magana, ita ta riƙe gidansu tun rasuwar mijinta. Ba ta taɓa tsayawa kallon ƙwallo ba. Ta kawo wa ƙaninta abincin rana a rumfa, ta tarar da yara sun yi jugum, ta tambayi abin da ya faru. Da aka gaya mata, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Yaran nan suna iya sunkuyo?"

"Sunkuyo kamar yaya, Yaya?"

"Masu yankan dawa da yawan abin da suka tara ake biyansu, don haka sauri suke yi. Duk karan da iska ta kwantar tsallake shi suke, da kansa a jiki. Inda inji ya tsaya ya yi sussuka kuma, hatsi ne zube a ƙasa. Tsuntsaye da raƙuma ke cinye shi. In Alhaji ya yarda, su zo su yi kala."

Wasu daga cikin yaran suka yi dariya. Lawal ya ce, "Gwaggo, ai kala aikin tsofaffi ne."

"To, sai ku bari ku tsufa tukuna," in ji ta, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Washegari ita ce ta sa Mijinyawa a gaba zuwa wurin Alhaji Mudi, a rumfarsa ta kasuwar hatsi. Alhaji ya saurare su yana shan shayi. Ya ce shi bai taɓa jin an nemi izinin tsintar abin da ya zube ba, su je su kwashi iyakar ƙarfinsu. Sai dai ya riga ya yi wa makiyaya alkawarin karan gonar, kuma da zarar raƙumansu sun shigo, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa lorinsa na tafiya wayam yana dawowa da buhuna, su hau kyauta.

Shawo kan iyaye ya fi wannan wuya. Lokacin girbi ne, kowane gida na son hannun ɗansa. Saratu ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Inda aka ce yaro zai sha wahala, ta ce a tukunyarta zai ci, a gaban idonta zai kwana. Inda aka ce ƙwallo wasan banza ne, ta ce ita ma ba ta san amfaninsa ba, amma ta san yaron da ya wuni a gona ya fi wanda ya wuni a tasha. Gidaje biyu ne kawai suka hana. Da hutun makaranta ya zo, sauran suka hau lori da buhuna da tabarmi.

Yawancinsu ba su taɓa ganin gonar inji ba. Suka sauka suka tsaya suna kallo. Karan dawa ne ta kowace fuska har inda sama ta taɓa ƙasa, ba itace, ba tudu. Ƙasar ta tsage, wani tsagin ƙafar mutum na iya shigewa har idon sawu. A tsakiya kuma ga kambo, wato 'yan bukkokin ciyawa inda ma'aikata ke kwana, da tankin ruwa, da madafar Saratu.

Da asuba suka fara, nan kusa da kambo. Abin da Saratu ta faɗa haka yake. Kawunan dawa ne kwance a ƙarƙashin kara, wasu manya har sun fi tafin hannu biyu. Yara suka bazu suna tsere da juna, wanda ya cika buhu ya ɗaga hannu kamar ya ci ƙwallo. Kafin la'asar sun jera buhuna a gefen madafa, Mijinyawa yana zagaya su yana murmushi.

Rana ta yi sanyi sai ga waɗansu tsofaffin mata sun ɓullo daga cikin kara, su biyar ko shida, kowace da kwando a ka. Suka zo tanki shan ruwa. Babbarsu, wata siririyar tsohuwa da ake kira Iya Jummare, ta sauke kwandonta. Abin da ke ciki bai rufe gindinsa ba. Ta dubi buhunan da aka jera, ta dubi yaran, ta gaisa da Saratu kamar kullum, ta sha ruwanta.

Saratu ta tsaya da muciya a hannu. Ta san matan nan sarai. Daga wani ɗan ƙauye suke zuwa kowace kaka, kalar nan ce abincinsu na rabin shekara. Da ta kawo shawarar, girman gonar ta duba, ta ga ta ishi kowa. Ba ta yi tunanin cewa ƙafar tsohuwa ba ta wuce kewayen tankin ruwa ba, kuma nan ɗin ne yaran suka share a wuni ɗaya.

Ta ajiye muciyar ta kira ƙaninta gefe. Ba su daɗe suna magana ba. Mijinyawa ya dawo ya tara yaran ya ce buhunan yau na matan nan ne.

Lawal ya miƙe. "Kawu, Alhaji ne ya ba mu izini. Ba sata muka yi ba. Dubi hannuna." Ya buɗe tafukansa, duk ƙaiƙayi da yankan kara.

Saratu ta ce, "Na ga hannunka, Lawal. Izinin Alhaji gaskiya ne, gonarsa ce. Amma shi bai san abin da ke cikin kwandon Iya ba, ni kuwa na sani. Kuskuren nawa ne, ni na nuna muku nan."

"To mu mu koma gida ke nan hannu wofi?"

Wasu yaran suka fara naɗe tabarminsu. Saratu ta kama bakin buhu guda ta ja shi har gaban tsohuwar.

Iya Jummare ta dubi buhun, ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Saratu, mu ba bara muka zo ba. Abin da yaro ya sunkuya ya tsinta nasa ne. Mayar musu." Sai ta juya wajen Lawal. "Kai mai dogayen ƙafafu, me za ku yi da dawar?"

Lawal ya yi ƙasa da murya ya gaya mata zancen riguna da raga da gasa.

Ta ce, "Riguna. To." Ta nuna gabas da haɓa. "Can ƙarshen gonar, bayan kwarin da ya bushe, iska ta kwantar da dawa bana kamar an shimfiɗa tabarma. Masu yanka ba su ko leƙa ba. Mu ba ma iya zuwa, ba ruwa a can, kuma ko mun je ba mai ɗauko mana. In ƙafafun nan na gudu ne da gaske, ku bar mana nan ku tafi can."

A nan aka tsaya. Buhunan ranar aka raba su biyu, don Saratu ta ce ba za ta dafa wa kowa tuwo ba sai an raba, tsohuwar kuma ta ga ba za ta ci nasara a kanta ba.

Tafiyar gabas ba wasa ba ce. Sai sun yi sallar asuba su kama hanya, kowa da gorar ruwa a rataye, rana ta ɗaga kafin su kai. Mijinyawa ya ƙi zama a kambo duk da ƙafarsa. Yakan bi su a baya da sanda, in ya iso ya tarar sun fara. Da ya ga nisan na karya musu gwiwa, sai ya mayar da tafiyar horo. Ya raba su gida biyu, masu tsaron baya da masu kai hari, a yi gudu zuwa kwari, waɗanda suka riga isa su ne za su fara cin abinci. Dawowa kuwa kowa da buhu a kafaɗa, ba mai iya gudu, ba mai iya magana.

Akwai ranar da ƙaramin cikinsu, mai tsaron gida, ya faɗi saboda ƙishi. Lawal ne ya goya shi har kambo, ya koma ya ɗauko buhunan su biyu. Daga ranar Saratu ta roƙi direban tarakta mai kai wa masu yanka ruwa ya riƙa ajiye musu jarka a bakin kwari. Ta kuma fara tashi tun kafin kowa tana dama musu kunu mai kauri, bayan aikinta na ciyar da ma'aikata da ke jiranta.

Sussuka ba ta ba yaran wuya ba, ƙarfi ne, sun sami sanduna suka yi ta bugu. Sheƙa ce ta gagare su. Duk wanda ya ɗaga ƙwarya sai iska ta kwashe hatsin da ƙaiƙayin gaba ɗaya, ko ta watsa masa a ido. Iya Jummare ta zauna tana kallonsu har ta gaji, ta tashi ta karɓi ƙwaryar daga hannun Lawal.

"Juya bayanka ga iska. Sauke hannun. Ba zubarwa ake yi ba, saki ake yi a hankali."

Bai iya ba, sauran ma haka. Daga ƙarshe matan suka karɓi sheƙar baki ɗaya, yaran kuma suka karɓi sussukar matan da ɗaukar kayansu zuwa ƙauye. Ba wanda ya shirya hakan, yamma ce kawai in ta yi sai a ga kowa ya kama abin da ya iya. Tsofaffin suka riƙe sunayen yaran, har suna tambayar wane ne mai tsaron gida, me yake tsarewa. Lawal, wanda ya fi kowa ɗaga murya ran farko, shi ya koma mai ɗaukar kwandon Iya Jummare kullum, tana tafe tana yi masa faɗa a kan yana zubar mata da hatsi.

Wata safiya suna bakin kwari suka hango raƙuma sun doso daga arewa, jere guda mai tsawo, makiyaya na tafe a gefe da sanduna a kafaɗa. Suka tattara abin da suka samu suka koma. Da lorin Alhaji ya zo, buhunan Walƙiya sun cika kusan rabin bayansa, direban ya sauko ya zagaya su yana tambaya ko duk wannan daga ƙasa aka tsinto.

A Gadarif yaran suka so a wuce kasuwa kai tsaye. Saratu, wadda ta nemi hutun 'yan kwanaki ta biyo su, ta hana. Ta ce yanzu kowa dawa yake kawowa, ba ta da daraja. A sayar da kaɗan a sayi yadi, sauran a kai gidaje.

Lokacin ma'aikatan girbi sun cika tasha, daga gonaki suke fitowa suna jiran motocin garuruwansu, aljihu da nauyi, ciki da yunwa. Saratu ta tara iyayen yaran mata a tsakar gidanta ta raba musu aiki. Wasu suka yi niƙa, wasu suka toya kisra, wainar nan mai faɗi marar kauri da kowa ke ci a ƙasar, wasu suka tuƙa tuwo da miyar kuɓewa busasshiya. Yaran suka riƙa ɗauka a tire zuwa tasha safe da yamma. Matan da suka yi ta gunaguni a kan ƙwallo a baya, su ne yanzu ke tambayar yaushe za a fara gasar. Har gidaje biyun da suka hana 'ya'yansu tafiya suka aiko da itacen girki.

Batulu mai keken ɗinki ta ɗinka rigunan, shuɗi mai duhu, ta yanko lambobi daga farin yadi ta ɗora a baya, ta ce ladan hannunta a bar shi. Wani maƙeri ya haɗa turaku daga tsofaffin bututun garma. Ragar kuwa Mijinyawa ne ya saƙa ta da igiyar ɗinkin buhu, yana zaune a rumfarsa tsakanin faci da faci. Takalman ƙwallo ba su samu ba. Na yadi aka saya wa kowa, aka ce na gaske sai wata shekara.

Wasan farko a filinsu aka yi shi, da wata ƙungiya daga cikin gari da ta daɗe tana gasar. Unguwa ta fito kwanta da kwarkwata. Saratu ta zo da ƙullin kayanta a hannu, don a ranar hutunta ya ƙare, lorin Simsim kuma na lodi a bakin hanya. Mijinyawa ya ajiye mata benci a gaba.

Ta zauna tana kallon yaran suna fitowa a jere cikin shuɗin riguna, ta ce, "Rigar ƙaramin nan ta yi masa yawa."

"Zai girma a cikinta, Yaya."

Aka fara. Baƙin sun fi su iya wasa, wannan ba a ɓoye yake ba, kafin hutun rabin lokaci sun zura ɗaya. Amma da aka dawo sai aka ga baƙin sun fara riƙe ƙugu suna haki, 'yan Walƙiya kuwa kamar yanzu suka shigo. Saratu ba ta fahimci dalilin da alƙalin wasa ke hura usur ba, ta tambayi ƙaninta sau biyu, bai ji ta ba, yana can bakin layi yana ɗingisawa sama da ƙasa.

Direban lori ya danna oda. Ta miƙe ta ɗauki ƙullinta, ta ratsa ta bayan mutane ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Aka miƙa mata hannu ta hau, ta zauna a kan buhunan gari da albasa da za ta ciyar da ma'aikata. Daga can sama filin duka a buɗe yake. Lorin ya fara motsawa ke nan ta ga wani dogon yaro cikin shuɗi ya tsere wa mutum biyu ta gefen dama, ya buga. Ragar ta motsa, filin ya ɗauki ihu, mata na guɗa.

Wani ma'aikaci da ke zaune kusa da ita ya miƙa wuya. "Hajiya, su wa suka ci?"

"Namu ne," in ji Saratu. "Lawal ne, ɗan gidan maƙwabcinmu Kassim."

"Yanzu su ke gaba ke nan?"

"Ban sani ba. Ina jin an yi daidai."

Ta gyara mayafinta, ta jawo buhun albasa ta jingina da shi, lorin ya hau hanyar kudu.